Sun rufe ƙaramar kwalejin saikoloji, amma ba wanda ya tambayi ɗalibai ina za su

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ranka ya daɗe, ina cikin masu karanta jaridarku ta waya daga nan Los Angeles, jihar Kalifoniya a Amurka, kuma na daɗe da lura duk sanda aka kawo labarin hukuma ta rufe wata makaranta don ba ta cika sharuɗɗa ba, maganar mutane ɗaya ce, gara haka, Allah ya ƙara, dama 'yan damfara ne. Wani lokacin kam gaskiya suka faɗa. Amma inaso ku ban ɗan fili in faɗi abinda na gani da idona a nan, sabida maganar ta fi haka zurfi, kuma da yawa daga cikin masu cewa Allah ya ƙara basu taɓa zama da ɗalibin da aka rufe wa makaranta yana tsakiyar karatu ba.

Ni aikina a wani gida ne da ake kula da masu fama da shaye-shaye waɗanda suke so su daina, galibi dare nake yi. Ba likita bane ni, ɗan taimako ne kawai, in rubuta rahoto, in duba ɗakuna, in zauna da wanda bacci ya ƙi zuwar masa. A nan na san wata baiwar Allah da ta girme ni nesa ba kusa ba, ni dai Anti nake ce mata, tun tana dariya har ta saba tana amsawa. Ta daɗe tana aikin ba wa mutane shawara da digirinta na biyu, sai da 'ya'yanta suka girma sannan ta koma makaranta neman digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, don ta samu lasisin da za ta riƙa duba marasa lafiya da kanta ba a ƙarƙashin wani ba. Makarantar da ta shiga ƙarama ce sosai, bazan kama sunanta ba. Na taɓa sauke ta a can wani yammaci da motarta ta lalace, wallahi in ba an nuna maka ba bazaka ce kwaleji bace. Hawa na biyu ne na wani gini, ƙasa shaguna, ka hau matakala sai ga wata dattijuwa a tebur ita ce mai karɓar baƙi ita ce rajistara ita ce mai karɓar kuɗi, sai ɗakuna 'yan kaɗan an jera kujeru a da'ira, da na'urar dafa kofi a lungu. Ɗaliban duk manya ne, wasu da kayan aikin asibiti a jikinsu daga aiki suka wuto, wani ma da furfura. Malaman kuma da rana suna asibitocinsu suna ganin marasa lafiya, da yamma ko ƙarshen mako su zo su koyar.

Toh irin waɗannan makarantu a Kalifoniya da can doka ta yarda da su. Akwai abu biyu da ya kamata mai karatu ya rarrabe. Na farko izinin jiha, wato hukumar da ke kula da makarantu masu zaman kansu na gaba da sakandare, BPPE, ta baka dama ka buɗe ka koyar ka ba da kwali. Na biyu kuma tantancewa, wadda ba gwamnati ce ke yi kai tsaye ba, ƙungiyoyi ne masu zaman kansu da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta amince da su, a wannan yanki babbar cikinsu ita ce WASC. Shekaru da dama a Kalifoniya za ka iya gudanar da makaranta da izinin jiha kaɗai ba tare da tantancewa ba, kuma ɗalibinka ya gama ya je ya zauna jarabawar lasisin saikoloji ta jihar, in ya ci a bashi. Galibin jihohin Amurka basa yarda da haka, shi yasa wanda ya fito daga irin wannan makaranta lasisinsa kusan a Kalifoniya yake tsayawa, amma mutanen da ke zuwa can sun san da haka, ba inda za su, nan gidansu yake nan aikinsu yake.

Sai a 2014 majalisar jihar ta yi doka mai lamba SB 1247, gwamna Jerry Brown ya sa hannu. Dokar ta ce duk makarantar da ke ba da digiri dole ta samu tantancewa, aka kuma yanka musu wa'adi mataki-mataki, su kawo tsarin yadda za su nema kafin 1 ga Yuli 2015, su kai matsayin 'yan takara a wajen ƙungiyar tantancewa kafin 1 ga Yuli 2017, su samu cikakkiya kafin 1 ga Yuli 2020. Wanda ya kasa, a dakatar da izininsa na ba da digiri. A takarda kam adalci ne, shekara shida aka baka. Amma a 2016 sai ga wata dokar, SB 1193, ita kuma ta ɓangaren hukumar lasisin masana saikoloji, cewa daga farkon 2020 mai neman lasisi sai ya zo da digirin makarantar da ƙungiyar tantancewa ta yanki ta amince da ita. Wannan ta biyun ita ce ta karya ƙananan makarantun tun kafin wa'adin ya cika, sabida wane mai hankali ne zai shiga karatun shekara huɗu ko biyar a wajen da bai da tabbacin kwalin zai kai shi ga lasisi? Sabbin ɗalibai suka daina zuwa, kuɗi ya daina shigowa, a daidai lokacin da makarantar ta fi buƙatar kuɗi don neman tantancewar.

Nan ne nakeso mu ɗan tsaya, don mutane suna ɗauka tantancewa wasu farfesoshi ne za su zo su zauna a aji su ji ko malami ya iya koyarwa. Akwai hakan, amma ba shi ne mafi nauyi ba. Za su nemi ka nuna musu asusunka da akawu na waje ya bincika shekara bayan shekara, su ga kana da ajiya da za ta riƙe makarantar ko ɗalibai sun ragu, su ga kana da kwamitin amintattu mai cin gashin kansa ba mai makaranta da matarsa da amininsa ba, su ga malamai na dindindin masu albashi ba masu zuwa da yamma kawai ba, da laburare ko rajistar mujallun bincike na intanet wanda kuɗinsa kaɗai ya isa ya sa ƙaramar makaranta kuka, da ofis na musamman mai tattara alƙaluma kan ɗalibai nawa suka shiga nawa suka gama nawa suka ci jarabawar lasisi. Sannan tawagar da za ta zo ziyara kai za ka biya kuɗin nema da na tafiyarsu da masaukinsu, kuma ba zuwa ɗaya bane, abu ne na shekaru. Jami'a mai ɗalibai dubbai wannan ba komai bane a wajenta, akwai ma'aikatan da aikinsu kenan. Amma makarantar da dattijuwa ɗaya ke riƙe da ofis uku, a ina za ta samo? Kuma ga wani ƙulli, makarantar da ba a tantance ba ɗalibanta basa samun bashin karatu na gwamnatin tarayya, don haka dole kuɗin makarantar ya zama mai sauƙi yadda ma'aikaci zai iya biya daga albashinsa wata-wata. Sauƙin kuɗin nan shi ya kawo irin su Anti, kuma shi ne ya hana makarantar tara abinda za ta nemi tantancewa da shi. In ta ƙara kuɗi ɗalibai su gudu, in ba ta ƙara ba ta kasa cika sharaɗi.

Haka dai suka yi ta lallaɓawa har wata rana saƙon imel ya shigo cewa makaranta za ta rufe. Anti ta nuna min a wayarta a ɗakin hutawa da tsakar dare, saƙon bai fi sakin layi uku ba, godiya, da ban haƙuri, da ranar da za a zo a karɓi takardun sakamako. Ta riga ta gama kusan duk kwasa-kwasanta, saura kundin bincike da sauran awannin aiki a ƙarƙashin kulawa. Kuma awannin nan ba wasa bane, Kalifoniya awa 3,000 take nema kafin lasisi, aƙalla 1,500 daga ciki bayan an kammala digirin, ga kuma babbar jarabawar lasisi da ake kira EPPP. Ta ɗauki fayil ɗinta ta riƙa bin makarantun da aka tantance ɗaya bayan ɗaya. Amsar kusan iri ɗaya ce, ba ma karɓar kwas daga makarantar da ba a tantance ba, ko kuma za mu karɓi ɗan kaɗan sauran ki sake daga farko, a kan kuɗin da ya ninka na can sau da yawa. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya a ce ta ci bashin da sai ta kusa tamanin tana biya. Akwai wani asusu da jihar ta tanada don mayar wa ɗalibai kuɗinsu in makaranta ta rufe, STRF suke ce masa, kuma abu ne mai kyau ban raina ba, amma kuɗin makaranta yake mayarwa, shekarun da mutum ya yi yana fita daga aiki ya wuce aji da yunwa ba wanda zai mayar masa. A ƙarshe ta haƙura ta ci gaba da aikinta da digiri na biyu. Ko yanzu in aka kawo mana wanda ya rikice sosai ita ake kira, ƙananan likitoci masu sabon kwali ma a wajenta suke koyon yadda ake magana da mutumin da ya yanke ƙauna.

Malam Edita kar a ce ina kare makarantun bogi, a'a. Dokar nan ba haka kawai ta faɗo daga sama ba. Kalifoniya ta yi ƙaurin suna da wuraren sayar da kwali, har akwai lokacin da tsohuwar hukumar da ke kula da makarantun wa'adinta ya ƙare a tsakiyar 2007 aka zauna ba mai sa ido sai farkon 2010 da sabuwar ta fara aiki, kowa ya ci karensa ba babbaka. Kuma saikoloji ba sana'ar da za a yi wasa da ita bace. Mutumin da ke tunanin kashe kansa, ko yarinyar da aka ci wa zarafi, in suka faɗa hannun wanda bai san aikin ba ɓarnar ta fi ta rashin zuwa. Ina aiki da irin waɗannan mutane kullum, na san abinda nake faɗa. Don haka dole a samu ma'auni, kuma cikin makarantun da dokar ta kawar tabbas akwai waɗanda kawar da su alheri ne.

Abinda ke ci min rai shi ne, ma'aunin da aka ɗauko ya fi auna aljihu da girman ofis fiye da abinda ke faruwa a cikin aji, sannan ko a aljihun ma bai hana manyan faɗuwa ba. Ga Corinthian Colleges, wani babban kamfanin makarantu, hedikwatarsu a lokacin tana Santa Ana nan kusa da mu, makarantunsu irin su Everest da Heald duk an tantance su, da takardu cif. Kamala Harris tana babbar lauyar jihar ta maka su a kotu a 2013 kan yaudarar ɗalibai da alƙaluman samun aiki na ƙarya, a watan Afrilu 2015 suka rufe dare ɗaya suka bar ɗalibai kusan 16,000 a titi, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta yafe bashin dala biliyan 5.8 da ke kan tsofaffin ɗalibansu. Tantancewar tana ina duk wannan lokacin? Sannan ga wadda ta fi kusa da maganarmu, jami'ar Argosy, wadda asalinta makarantun horar da masana saikoloji ne kuma tana cikin manyan masu yaye su a ƙasar. WASC ɗin nan ce ta tantance ta, wasu shirye-shiryenta na digirin digirgir har ƙungiyar masana saikoloji ta Amurka, APA, ta amince da su. A 2017 aka sayar da ita ga wata ƙungiyar addini mai suna Dream Center, kafin ka ce kwabo al'amura suka rikice, kuɗin tallafin da gwamnati ta turo don a miƙa wa ɗalibai su biya haya su ci abinci, kimanin dala miliyan 13, bai kai hannunsu ba. Ma'aikatar ilimi ta yanke musu tallafi a ƙarshen Fabrairu 2019, ranar 8 ga Maris aka rufe, ana tsakiyar zangon karatu, ɗalibai dubbai.

Amma ka ga bambancin, kuma nan ne zan yarda tantancewa tana da ranarta. Da Argosy ta faɗi, wasu jami'o'i sun buɗe ƙofa, jami'ar Chaminade ta ɗauki shirin Hawaii, National Louis ta ɗauki na Chicago, Augsburg ta ɗauki na Minnesota, ɗalibai da yawa suka ƙarasa duk da sun sha wuya. Me yasa? Sabida kwasa-kwasansu suna da hatimin da wata makaranta za ta iya karɓa. Su kuwa 'yan ƙaramar kwalejin da ba wanda ya ci musu ko sisi, malamansu suka koyar tsakani da Allah har ranar ƙarshe, su ne suka rasa mai karɓarsu. Wato dokar da aka yi don kare ɗalibi ita ce ta bar wannan ɗalibin a tsakiyar hanya. Ni a nawa ganin tunda gwamnati ce ta canja ƙa'ida bayan mutane sun riga sun shiga da izininta, ita ya kamata ta fara nemo inda za a zuba su kafin ta kai ga rufewa, ta zauna da makarantun da aka tantance a yi yarjejeniya a rubuce cewa wanda ya kai aji kaza za a karɓe shi a kan kuɗi kaza, ko a yi masa jarabawa a ga abinda ya sani maimakon a duba hatimin takardarsa kawai. Doka ta ce makaranta ta kawo tsarin yadda ɗalibanta za su ƙarasa, eh, amma makarantar da ke mutuwa wa zai saurare ta in ta je roƙo?

Kuma akwai asarar da ba a lissafawa. Mutanen da ke zuwa irin waɗannan makarantu galibi su ne masu aiki a unguwannin talakawa, masu jin Sifaniyanci ko wasu harsunan baƙi, waɗanda suka riga suka yi shekaru a gidajen gyaran hali da gidajen yari da wajen marasa matsuguni. Yaron da ya fito daga babbar jami'a da bashin da ya fi ƙarfinsa ba zai zauna a irin gidanmu ba, dole ya nemi inda ake biya da tsoka don ya sauke bashi, ban ga laifinsa ba. Toh in ka toshe hanya mai sauƙi baka buɗe wata ba, ka rage masu duba talaka ne kawai, a garin da in ka bi ta unguwar Skid Row za ka ga tantuna jere a gefen titi da mutane masu magana su kaɗai.

Dalilin da yasa na ga maganar ta shafe mu a gida, abu biyu ne. Na farko 'yan uwa suna yawan turo min talla ta WhatsApp da Facebook, wai jami'ar Amurka, digiri ta intanet, kuɗi kaɗan, su ce in duba musu. Don Allah duk wanda zai biya kuɗinsa ya tambaya wace ƙungiya ce ta tantance makarantar, sannan ya duba ko ma'aikatar ilimin Amurka ta san da ita kanta ƙungiyar, don akwai masu ƙirƙirar ƙungiyar tantancewa ta bogi su tantance kansu da kansu. Cewa makaranta tana da rajista a wata jiha bai isa ba. Kuma mai son saikoloji musamman ya sani kwali daban lasisin aiki daban. Na biyu, mu ma muna da namu. Kowa ya tuna binciken ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian a ƙarshen 2023, da ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida har ya shiga bautar ƙasa da shi, gwamnatin tarayya ta dakatar da karɓar digirin Benin da Togo a farkon 2024. Matakin ya dace, amma a cikin waɗanda abin ya shafa akwai yaran da suka je da gaske suka zauna shekaru suna karatu, iyayensu suka sayar da gona da dabbobi, ba su san komai game da wace makaranta ce ke cikin jerin gwamnati ba. Haka ma ƙananan makarantun kiwon lafiya masu zaman kansu da suka cika garuruwanmu, a bari su buɗe su yi talla a rediyo su karɓi kuɗi shekara da shekaru kowa na gani, sai rana ɗaya a zo da kwaɗo a garƙame. Ina hukuma take ranar da aka kafa allon? Mu da a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa ma'aikatan namu ba su taka kara sun karya ba, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 1958, in mutum ya rikice a ƙauye sai an ɗauko shi zuwa Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri, bamu da ɗalibin da za mu zubar a banza.

Roƙona gare ku shi ne, in an sake rufe wata makaranta kar ku tsaya a sanarwar kwamishina da hoton ƙofa a kulle. Ku tura wakilinku bayan wata shida ko shekara ya nemo ɗaliban, ya tambaye su takardun sakamakonsu suna hannun wa, wace makaranta ce ta karɓe su, nawa aka mayar musu cikin kuɗinsu, sannan ya koma wajen hukumar da ta rufe ya tambaye ta ko tana da jerin sunayensu ma.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Los Angeles